Baiwa Ce Ko Naci? Fashin Baƙi Kan Yadda Masu Fasaha Ke Ƙirƙira

Shin mai fasaha zama yake yi har abu ya faɗo masa daga sama, ko kuwa gumi yake zubarwa kamar kowane mai sana'a? Idan kuma na'ura za ta iya fitar da hoto ko waƙa cikin ƙiftawa da bismillah, me ya rage wa ɗan'adam a cikin harkar?

Tambayar farko ta daɗe a duniya, ta biyun ce ta tashe ta daga barci. A watan Agusta na 2022 wani Ba'amurke ya zo na ɗaya a wani rukuni na gasar zane a bikin baje kolin jihar Colorado, da hoton da Midjourney, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai samar da hoto daga rubutaccen umarni, ta samar masa. Masu zane suka yi masa caa. Shi kuwa ya kare kansa da cewa sai da ya sauya umarnin da yake ba manhajar aƙalla sau 624 kafin ya sami abin da yake so. A 2023 ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ƙi yi wa hoton rajista da sunansa. A shekarar ce kuma marubutan fina-finan Hollywood suka yi yajin aiki na kwana 148, kuma batun ƙirƙirarriyar basira yana cikin abubuwan da suka tayar da jijiyar wuya a kai.

Wanda ya saurari musun da ake yi zai lura da wani abu. Masu murna da na'urar da masu tsine mata, da yawansu kallon abu ɗaya suke yi, wato kammalallen aikin da aka rataye a bango ko aka saki a intanet. Ba su cika tambayar yadda aka yi aka kai can ba. Alhali a nan gizo ke saƙar.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Abu huɗu ne mutane kan haɗa su su kira "baiwa", kuma raba su yana rage rabin gardamar. Akwai baiwa ta ainihi, wato sauƙin da wani yake samu tun yana ƙarami wajen kama sauti, ko ganin launi, ko sarrafa magana. Akwai ƙwarewa, wadda hannu da kunne da ido suke samu bayan shekaru na maimaici. Akwai ilhama, wannan walƙiyar da kan zo wa mutum yana wanka ko yana tafe a hanya. Sai kuma aikin ƙirƙirar kansa, tun daga ranar da tunani ya ɗarsu har ranar da mai shi ya ce ya isa haka.

Wani malamin Ingila mai suna Graham Wallas ya yi ƙoƙarin tsara wannan tafiya a 1926, ya kasa ta mataki huɗu: shiri, sai barin abu ya kwana a zuciya, sai buɗi, sai tantancewa. Har yau wannan rabon ake koyarwa a darussan da suka shafi ƙirƙira. Yana da amfani, domin ya nuna cewa buɗin nan da ake ta zuzutawa mataki ɗaya ne cikin huɗu, kuma shi ne mafi gajarta. Sai dai ya yi tsaf da yawa. A zahiri mai zane kan yi tantancewa da safe, ya koma shiri da rana, buɗi ya zo masa kan wani aikin dabam da bai ma fara ba.

Daga ina labarin "saukowa" ya fito?

Kusan kowace al'umma tana da shi. Girkawan da sun jingina waƙa ga wasu alloli mata guda tara. Larabawan jahiliyya sun ce kowane mawaƙi yana da aljaninsa mai raɗa masa baiti, har suka ba aljanun mazauni, kwarin Abƙar, inda kalmar da suke kiran haziƙi da ita ta samo asali. Amma a cikin waɗannan Larabawan ne aka yi Zuhairu bin Abi Sulma, wanda aka ruwaito yakan shekara guda yana gyaran ƙasida ɗaya kafin ya fitar da ita, har masu nazarin adabi suka sa shi cikin waɗanda suka kira "bayin waƙa". Ke nan tun a lokacin ana da masu cewa aljani ne da masu cewa aiki ne.

A Turai babu wanda aka fi ɗora wa labarin saukowa kamar Mozart, shahararren mawallafin kiɗa. A 1815, shekara 24 bayan rasuwarsa, wata mujallar kiɗa ta Jamus ta buga wata wasiƙa da aka ce shi ya rubuta, inda yake cewa kiɗa kan zo masa cikakke a lokaci guda, rubutawa kawai yake yi. An daɗe da gano cewa wasiƙar jabu ce, amma har gobe ana kawo ta a littattafai. Abin da Mozart ya rubuta da hannunsa ya saɓa mata. A 1785, da yake sadaukar da wasu kaɗe-kaɗe shida ga takwaransa Haydn, ya bayyana su a matsayin sakamakon doguwar wahala. Takardun gwajinsa da suka tsira ma suna nan. Beethoven kuwa, shi ma mawallafin kiɗa, ba a magana: ya bar dubban shafuka na daftari cike da soke-soke, inda ake ganin salon kiɗa ɗaya yana sauya kama sau da yawa kafin ya zauna.

Su kansu masu fasahar suna da hannu a wannan ruɗani. Mawaƙin Ingila Coleridge ya ce wata shahararriyar waƙarsa a mafarki ta zo masa, yana cikin rubutawa wani baƙo ya katse shi, sauran ta ɓace. Daga baya aka gano wani rubutun waƙar na hannunsa wanda ya bambanta da wanda aka buga a wurare da dama, alamar an zauna an yi gyara. Michelangelo kuma, mai zane da sassaƙa ɗan Italiya, in ji Vasari wanda ya rubuta tarihinsa, ya ƙona zane-zanensa na gwaji masu yawa gab da rasuwarsa a 1564, don kada a ga irin wuyar da ya sha. Ina ganin dalilin a fili yake. Wanda aka ce abu saukar masa yake yi ya fi kwarjini a idon jama'a fiye da wanda aka ce ya soke ya sake sau arba'in.

Wannan ba ya nufin ilhama ƙarya ce. Mawaƙin Ingila Paul McCartney ya sha faɗin cewa ya farka ne da karin wata fitacciyar waƙarsa ta 1965 a kansa, har ya yi ta tambayar mutane ko sun taɓa jin sa a wani wuri, don tsoron kada ya zama na wani ne. To amma kalmomin waƙar sun ɗauke shi watanni, kuma mafarkin ya zo wa mutumin da ya riga ya shafe shekaru yana kiɗa dare da rana.

A ina ake gyara kuskure?

A nawa ganin, wannan tambayar ce mabuɗin bambancin da ke tsakanin fannoni. Kowane mai fasaha yana kuskure, yana zubarwa, yana zaɓe. Abin da ya raba masassaƙi da marubuci da mawaƙin dandali shi ne lokacin da kayan aikinsa suka yarje masa ya yi wannan zaɓen: kafin aiki, ko bayansa, ko kuwa shekaru kafin ranar.

Ɗauki mai sassaƙa dutsen marmara. Abin da ya fasa ya fasu, babu ɗinki. Don haka duk shakkunsa sai ya gama su a takarda da yumɓu da kakin zuma kafin ya ɗaga guduma. Haka mai zane a kan ɗanyen shafen bango, irin wanda Michelangelo ya yi a rufin cocin Sistine daga 1508 zuwa 1512. Launi ba ya kamawa sai shafen yana da danshi, saboda haka kowace safiya ana shafe iya wurin da za a iya zanawa a yinin ne kawai. Idan an yi kuskure sai an kankare an sake. Mai irin wannan aiki dole ya zo da cikakken zane a takarda, ya kwafe shi a bango. Mai rubutun zayyana ma a wannan sahu yake: tun zamanin Ibn Muƙla, wanda ya rasu a 940, ana auna tsawon alif da sauran haruffa da ɗigon alƙalami, kuma hannun da zai ja layi ɗaya ba tare da rawa ba sai ya ja shi sau dubbai a takardar gwaji. Masu tsara gine-gine sun fi kowa shiga wannan matsi, tunda kuskurensu da siminti da ƙarfe ake zuba shi. Gaudi a Sifaniya yakan rataye igiyoyi da ƙananan jakunkuna masu nauyi, ya ga yadda suka lanƙwashe da kansu, sannan ya juya siffar sama ta koma ƙasa ta zama bakan gini.

Marubuci akasin haka yake. Takarda ba ta da tsada, kalma kuma tana gogewa, saboda haka yawancin aikinsa bayan rubutun farko yake farawa. Marubucin Amurka Hemingway ya faɗa a wata hira ta 1958 cewa ya sake rubuta ƙarshen wani littafinsa sau 39. Mai zanen fenti ma yana da wannan dama, domin launi yana rufe launi. Misalin da aka fi sani dalla-dalla shi ne zanen Guernica na Picasso, mai zane ɗan Sifaniya. An yi wa garin Guernica na Sifaniya ruwan bama-bamai ranar 26 ga Afrilun 1937, ya fara zanen gwaji ranar 1 ga Mayu, ya yi sama da arba'in, Dora Maar kuma ta riƙa ɗaukar hoton babban allon a matakai dabam-dabam. Da waɗannan hotuna aka san cewa a farko akwai wani hannu da aka ɗaga sama a dunƙule a tsakiyar zanen. Ya cire shi. Wanda ya tsaya gaban zanen a Madrid yau ba zai ga alamarsa ba, amma cirewar nan tana cikin abin da ya sa zanen ya zama kukan waɗanda aka zalunta maimakon allon farfaganda.

Mai ɗaukar hoto ya fi kowa nuna wannan a fili. Danna kyamara daƙiƙa ɗaya ce, shi ya sa mutane suke raina sana'ar. Robert Frank ya zagaye Amurka a 1955 da 1956, ya ɗauki hotuna kimanin 27,000. Guda 83 ne suka shiga littafinsa. Ina fasahar take, a dannawa ko a zubar da sauran?

Sai mu zo kan wanda ya fi rikita mutane, wato mawaƙin da ke ƙirƙira nan take a gaban jama'a. Shi ba shi da kafin, ba shi da bayan. Baitin da ya fita ya fita. Wanda ya ga marigayi Mamman Shata yana shirya waƙa a tsaye a fagen wasa, cewa zai yi wannan kam saukowa take yi. Amma akwai binciken da ya buɗe asirin irin wannan gwaninta. Daga 1933 zuwa 1935, Milman Parry na jami'ar Harvard, daga baya tare da ɗalibinsa Albert Lord, sun naɗi muryoyin mawaƙan baka a ƙasar Yugoslabiya ta wancan lokaci, waɗanda da yawansu ba su iya karatu ba. Ɗaya daga cikinsu, Avdo Međedović, ya rera waƙa mai layi sama da 12,000. An taɓa sa shi ya saurari waƙar wani wadda bai taɓa ji ba, sai ya maimaita ta nan take, ta fito kusan ninki uku na tsawonta. Abin da suka gano shi ne mawaƙin ba haddar waƙa yake yi kalma da kalma ba. Rumbu gare shi cike da shiryayyun gaɓoɓin magana da suka dace da karin, da sanannun hanyoyin siffanta doki ko jarumi ko tafiya, yana ɗebowa yana ɗinkawa yadda wurin ya nema. 'Yan amshi ma, inda ake da su, ba ado kaɗai suke ƙarawa ba: lokacin da suke maimaitawa ne jagora yake shan iska yana shirya abin da zai biyo baya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gyaran irin wannan mawaƙi an yi shi shekaru ashirin da suka wuce, a wuraren da babu mai naɗa.

Ummu Kulsum ta Masar takan maimaita layi ɗaya sau da dama a dandali, kowane maimaici da irin lanƙwasarsa, har waƙa ɗaya ta kai awa guda, kuma martanin masu sauraro yana cikin abin da ke juya ta. Fela Kuti shi ma a gaban jama'a yake dafa waƙa na tsawon lokaci, idan ya naɗe ta a faifai sai ya daina yin ta. A wurinsa naɗi shi ne ƙarshen rayuwar waƙa, alhali a wurin yawancin mawaƙan zamani shi ne farkonta.

Fim kuwa ana cewa sau uku ake rubuta shi: a takarda, a wurin ɗauka, da kuma ɗakin tacewa. Walter Murch, ɗaya daga cikin waɗanda suka tace fim ɗin Coppola na 1979 kan yaƙin Biyetnam, ya ce sun tarar da ɗaukar da ta kai kusan awa 230, aka fitar da fim na kusan awa biyu da rabi. Da ya yi lissafi, sai ya ga idan aka raba yankan da suka tsira a fim ɗin da kwanakin aikin, kowane mai tacewa bai kai yanka biyu a rana ba. Sauran yinin ya tafi ne a gwadawa da warwarewa da zama a yi shiru ana kallo.

Masu taswira da masu lalube

Ko a cikin fanni ɗaya ma hali ya bambanta. Hitchcock ya shahara da tsara fim dalla-dalla a zane kafin a kunna kyamara. Mike Leigh na Ingila kuwa ba ya zuwa da rubutaccen labari, sai ya shafe watanni da 'yan wasa suna gina halayen mutanen tare, daga nan labari ya fito. Miyazaki na Japan yakan bari a fara aikin fim alhali bai gama zana ƙarshensa ba. Dukansu sun yi fina-finan da duniya ta yaba.

David Galenson, masanin tattalin arziki a jami'ar Chicago, ya kasa masu fasaha gida biyu bayan ya bi diddigin shekarun da suka yi ayyukansu mafi daraja. Akwai masu fara aiki da cikakken tunani, waɗanda galibi suke yin fice da ƙuruciya, kamar Picasso. Akwai masu lalube, masu gano abin da suke nema a cikin yin aikin, waɗanda sukan nuna a makare, kamar mai zanen Faransa Cézanne, wanda manyan ayyukansa na ƙarshen rayuwarsa ne. Rabon bai kama kowa ba, mutane da yawa suna tsakiya, wasu kuma sun sauya gida. Amfaninsa shi ne ya kwantar da hankalin wanda ya kai arba'in bai ga komai ba tukuna.

Wani binciken da ya fi burge ni an fara shi ne a 1964 a makarantar koyon zane ta Chicago. Getzels da Csikszentmihalyi sun baje wa ɗalibai tarkacen abubuwa a kan tebur, suka ce kowa ya zaɓa ya zana. Wasu suka ɗauka nan da nan suka kama aiki. Wasu suka daɗe suna jujjuya kayan, suna sauya musu wuri, har bayan sun fara zanen ba su daina canza shawara ba. Da aka waiwaye su bayan shekaru, waɗannan masu jinkirin ne suka fi samun karɓuwa a sana'ar. Masu binciken suka ce gano matsalar da ta cancanci a yi aiki a kanta ya fi warware ta muhimmanci.

Agogo da jadawali

Anthony Trollope ma'aikacin gidan waya ne a Ingila. Yakan zauna da ƙarfe biyar da rabi na asuba, ya ajiye agogo a gabansa, ya ɗora wa kansa kalma 250 a kowane minti 15, sannan ya tafi ofis. Da haka ya rubuta littattafan ƙagaggun labarai 47. Da tarihin rayuwarsa ya fito a 1883 mutane suka san haka, wasu masu sharhi suka raina shi, wai wannan ai aikin masaƙa ne. Najib Mahfuz, wanda ya sami kyautar Nobel a 1988, shi ma ma'aikacin gwamnati ne mai tsananin kiyaye lokaci. Duk da haka bayan juyin juya halin Masar na 1952 ya yi shekaru bai rubuta labari ba. Jadawali yana kawo mutum bakin rijiya kullum, amma ba ya tilasta wa rijiyar ta kawo ruwa.

Ibn Khaldun ya taɓo wannan tun ƙarni na 14. Ya ce mai son waƙa ya haddace waƙoƙin magabata masu yawa, sannan ya bar lafazinsu ya dushe a zuciyarsa don salon ya zauna, ya nemi kaɗaici, ya yi aiki da sassafe bayan farkawa, idan kuma abin ya cije ya bar shi zuwa wani lokaci, kada ya tilasta. Binciken zamani bai yi nisa da wannan ba. John Hayes ya duba rayuwar mawallafan kiɗa 76, ya tarar cikin fitattun ayyuka sama da 500, uku ne kawai aka yi kafin mai su ya cika shekara goma a fagen. A 2008 kuma Charles Limb da Allen Braun suka sa makaɗan jaz shida cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka ga cewa lokacin da suke ƙirƙira nan take, sashen ƙwaƙwalwar da ke sa ido kan kai yana lafawa. Mutum shida ba su da yawa, kada a ɗora wa binciken kayan da ya fi ƙarfinsa. Amma ya yi daidai da abin da masu aikin suka daɗe suna faɗa, cewa ba a zubowa da tacewa a lokaci guda.

Hannun da ba a gani

Sunan mutum ɗaya ake rubutawa, amma da wuya aikin ya zama na mutum ɗaya. Ezra Pound ya zaftare kusan rabin doguwar waƙar T. S. Eliot ta 1922 kafin a buga ta. Pina Bausch ta Jamus takan jefa wa 'yan rawarta tambayoyi, su amsa da jiki ko da baki, daga amsoshin take tsamo abin da za ta gina. El Anatsui, ɗan Ghana da ya daɗe yana koyarwa a Nsukka, mataimaka da dama ne suke fasa murafun kwalabe suna ɗinke su da wayar tagulla, shi kuma ya jera gutattsarin a ƙasa yana sauya musu wuri har sai sun yi masa. Yakan ma bar wa masu baje kolin su rataye aikin yadda suka ga ya dace. Babu mai cewa aikin ba nasa ba ne don bai ɗinka kowane murfi da hannunsa ba.

To, ina na'ura ta shigo?

Wannan misali na ƙarshe shi ne hujjar masu goyon bayan manhajojin. Suna cewa idan zaɓe da ba da umarni su ne zuciyar fasaha, to wanda ya gwada sau ɗari shida ya zaɓi ɗaya ya yi abin da mai ɗaukar hoto yake yi. Suna tuna wa mutane cewa kyamara ma da ta fito a 1839 an daɗe ana musun ko abin da take fitarwa fasaha ne.

Masu adawa suna da amsa biyu. Ta farko ta haƙƙi ce: an horar da manhajojin da miliyoyin ayyukan mutane ba tare da izini ko biya ba, kuma a kan haka wasu masu zane da marubuta suka shigar da ƙara a kotunan Amurka tun 2023. Ta biyu ta shafi aikin kansa. Mai zane yana yanke shawara a kowane jan layi, kuma sau da yawa a cikin jan layin ne yake gano abin da bai san yana nema ba. Mai ba da umarni ga manhaja yana zaɓe ne daga abin da aka miƙo masa, dubban ƙananan shawarwarin da ke tsakani wani abu ne ya yanke su.

Ni dai hujja ta biyun ta fi kama ni, ko da yake ban yarda cewa duk mai amfani da na'urar ɗan damfara ba ne. Idon da zai duba hotuna ɗari ya gane wanda ke da rai, a ina aka horar da shi? Idon Robert Frank ya yi shekaru yana ɗauka yana wankewa kafin ya iya zubar da dubbai. Na'ura ta sauƙaƙa samarwa ƙwarai, amma ba ta raba wannan idon ga kowa ba, kuma akwai fargabar cewa wanda ya fara da ita tun ranar farko ba zai bi hanyar da ake samun idon ba.

Abin da ya shafi mutum na gari

Na farko shi ne ciniki. Wanda ya ɗauka cewa fasaha saukowa take yi, zai ga kamar bai kamata ya biya da tsada ba don abin da aka yi cikin awa guda. Mai zanen tambari ko mai tsara murfin littafi ya san wannan magana sarai: "Ai ba wani abu ba ne a wurinka." Yanzu da na'ura take bayar da irinsa kusan kyauta, matsin ya ƙaru, kuma waɗanda ya fi faɗa wa su ne masu ƙananan ayyukan yau da kullum, waɗanda a da da su sabon shiga yake ci yake koyo.

Na biyu ya shafi yara da masu koyo. Yaron da aka gaya wa cewa abin baiwa ne, idan zanensa na farko ya fito a karkace sai ya ajiye fensir, ya ce shi ba a ba shi ba. Da an nuna masa shafi ɗaya na soke-soken Beethoven, da wataƙila ya ƙara gwadawa. Baiwa tana nan, ba kowa zai zama gwani ba ko da ya shekara hamsin yana yi, amma ba a gane mai ita daga gwajin farko.

Na uku shi ne doka da amana. A watan Janairun 2025 ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya fitar da rahoto cewa rubuta umarni ga manhaja kaɗai bai isa ya sa mutum ya mallaki abin da ta fitar ba, amma abin da ya gyara da hannunsa, ko ya tsara, ko ya haɗa da nasa, ana iya kare masa shi. Wato hukuma yanzu tambaya take yi: wane ɓangare ne naka, kuma yaya aka yi? Mutumin Colorado bai yarda da hukuncin da aka yi masa ba, ya kai ƙara kotun tarayya a 2024. A gefe guda kuma, masu zane da hannu sun fara fuskantar zargin cewa na'ura ce ta yi musu, har a gasa da wuraren aiki. Saboda haka da yawansu yanzu suna naɗar allon kwamfutarsu yayin da suke aiki, suna adana kowane daftari da kowane gwajin da bai yi ba, suna wallafa su tare da kammalallen zanen don mai saye ya gani da idonsa.